Dattijo Mai Idanu a Ƙeya

Satumba ta kama, furanni sun yi ruwan ɗorawa a gandun tsuntsayen bayan garinmu. Tsuntsun magfai kuwa, mai baƙi da fari kamar hankaka, ya fara haukansa na shekara-shekara, duk wanda ya gifta ƙarƙashin sheƙarsa sai ya kawo masa sura ta baya.

Ga wani dattijo nan tafe, ƙato, gemu har ƙirji, irin wanda za ka rantse ya taɓa kayar da bijimi da hannu. Amma robar askirim ya kife a ka, an zana mata idanu biyu ta ƙeya, wai don tsuntsun ya zaci ana kallonsa. Idanun har da gashi zara-zara, sai dai sun koɗe. Yana tafiya a duƙe, yana lallashin tsuntsun da ke kan bishiya: "Haba maƙwabci, 'ya'yan agwagi kawai na zo gani, me na tare maka?"

Maƙwabci bai karɓi haƙuri ba. Ƙwas, a tsakiyar roba!

Matashiyar da ke kula da gandun ta tuntsure da dariya. "Baba Merv, idanun nan sun tsufa, ba sa ruɗar kowa. Kawo in zana maka sababbi."

Ya cire robar, yana goge ta da hannun riga kamar wani kayan gado. Da zoben aure a yatsansa, amma shi kaɗai ya zo, bencin da ya nufa kuwa na mutum biyu ne.

"Bar su, 'yata. Marigayiya matata Noelene ce ta zana su, idanunta ta kwaikwaya. Gara ya yi ta sarana."