Inna da Biran Dutse

Shekarar da aka kawo ni Rano daga Fassi, gidan mijina ne na ƙarshe a unguwarmu. Bayan katangarmu sai gonar gyaɗa, daga ita sai dutse. Mijina direba ne, yana jigilar fasinja zuwa Kano, saboda haka yawancin wuni daga ni sai mahaifiyarsa, wadda duk layin suke kira Inna.

Ban daɗe da tarewa ba, wata safiya ina wanke-wanke na ɗaga kai, sai ga biri zaune a kan katanga yana sosa ciki yana kallona. Na saki kwano na ruga ɗaki. Inna ta yi dariya har da hawaye.

"Fito, amarya, baƙona ne," in ji ta. "Rani ya yi, babu komai a dutse. Miƙo min ƙanzon nan."

Ashe kullum sai ta ɗora masa ɗan abu a katanga: ƙanzo, ɓawon rogo, wani lokaci gyaɗa. Kafin watan ya ƙare ya kawo iyalinsa. Ni kaina na saba, har ina jiran wata uwa mai zuwa da ɗanta maƙale a ciki.

Maƙwabta ne ba su ji daɗi ba. Biran in sun gama da namu ba sa komawa, sai su bi rufin kwano gida-gida. Suka watsar da shanyar kuɓewa, suka kwashe tumatir. Mai awarar da ke jikin gidanmu ta shiga ɗaki ɗauko yaji, ta fito ta tarar da faranti wayam. Ranar har zaurenmu ta zo, ta gaida Inna da ladabi, ta kasa faɗar abin da ya kawo ta, ta koma.

Mai unguwa ya tara magidanta bayan la'asar, aka yanke doka. Ba a ba biri abinci a cikin unguwa, ba a zubar da ragowar tuwo a bayan gida. Haka kuma ba a harbinsu da danƙo, ba a sa musu guba. Wanda ya karya, shi zai yashe kwatar layin gaba ɗaya.

Mijina ya dawo ya durƙusa gaban Inna yana ta kewaye-kewaye, ya yi zancen tsadar mai, ya yi na lalacewar hanya. Ita ta katse shi.

"Na ji tun ɗazu. Amarya, ɗauko mayafinki ki raka ni."

Mai unguwa yana hango ta ya miƙe, don ta girme shi nesa ba kusa ba.

"Inna, ai da kin aiko na zo."

"Ranka ya daɗe, daga zauren nan dokar ta fito, shi ya sa na biyo ta. Sadaka ka hana?"

"Ban hana ba, Inna. Amma birin da ya saba da hannun mutum, ranar da bai samu ba ƙwata zai yi. Ga jarirai ana kwantar da su a tsakar gida da kwanon koko a gefe."

Na dubi Inna. Na ga maganar jariran ta shige ta. Can ta ce, "To in na kai musu gindin dutse fa?"

Ya yi murmushi. "Daga ɗorawar can zuwa sama ba unguwata ba ce."

Washegari baƙin Inna suka jeru a katanga kamar kullum. Ta zuba ƙanzo da gyaɗa a ƙwarya, ta ɗaga ta nuna musu, ta ɗora min a ka, muka fita. Muna tafe a ƙasa, su suna bin rufi da katangu, mata na leƙowa ta zaure suna dariya. Da gidaje suka ƙare suka diro cikin gona, suna binmu daga nesa. Inna tana dogara sanda tana yi musu faɗa kamar jikoki: "Ku yi a hankali, ba gudu za mu yi da shi ba." A gindin ɗorawa ta juye ƙwaryar a kan wani falalen dutse, muka ja baya muka zauna. Ban taɓa jin daɗin kallon cin abinci irin na ranar ba.

Ba duka suka gane da wuri ba. Tsohon cikinsu, mai yagaggen kunne, ya ci gaba da zuwa katanga. Inna sai ta juya masa baya tana tsince shinkafa, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Gaya min in ya tafi." Ko ƙwaya ba ta jefa masa ba, har ya haƙura ya bi 'yan uwansa.

Abin da ban zata ba, mai awara ce ta fara binmu, da dusar wakenta a leda. Daga nan wasu matan suka shigo, kowa da ɗan ragowar gidanta, har ya zama duk Juma'a da yamma muna can. A gindin ɗorawar nan na san matan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, na koyi kitson shuku, na ji labaran ƙuruciyar mijina da shi ba zai taɓa ba ni ba.

Da damina ta sauka, daji ya yi kore, biran suka haye sama suka daina saukowa. Mu kam ba mu fasa zuwa ba. Sai muka koma tafiya da ƙwarya ba komai, mu dawo da ita cike da tafasa da rama, Inna a gaba tana nuna mana inda ganyen ya fi laushi.