Kakan da Na Samo a Shagon Hoto

Ni dai karatuna bai wuce in gane sunana a jikin buhun taki ba. Amma baki, Allah ya ba ni.

A majalisarmu ta Limawa akwai wani Alhaji, Bafulatani, tsohon ma'aikacin gwamnati, abokin tsokanata. Yana da hoton kakansa a zaure, da rawani da sanda, kullum sai ya yi mini gorinsa. "Kaɗo, kai naka kakan ko inuwarsa ba a ajiye ba." Rannan na ƙule na ce akwai, yana ƙauyenmu can wajen Jahun, zan kawo. Alhali ko takalminsa ban taɓa gani ba.

Sai na tafi shagon wani mai wankin hoto a cikin Dutse, na ce ya nuna mini hotunan mutanen da a kwamfutarsa. Muna cikin dubawa na hango wani baƙi wuluk, da doguwar hula irin ta Turawa, kwat har gwiwa, ga wani abu kamar gurmi a hannunsa, ya washe baki. Na ce wannan. Mai shagon ya ce akwai rubutun Turanci a ƙasa, ko ya karanta mini? Na ce yanke shi, kakana ba ya jin Turanci.

Aka sa a gilashi. Bayan la'asar na kai majalisa, na ce ga shi, falke ne, har bakin teku yake kai fatu, can ya samo hular. Kowa ya sa albarka. Wani ma ya rantse hancinmu ɗaya.

Alhaji ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Kaɗo, me ya sami wuyan kakanka?"

Na leƙa. Tsakanin haɓa da wuyan riga fari sol. Bayan kunne ma haka.

"Kyasbi ne," na ce. "Gadon gidanmu ne."

"Leɓen fa, da aka zagaye da fari?"

"Nono ya sha. Naku."

Sai Alhaji ya juya ga jama'a ya ce mutumin da ke cikin hoton Bature ne. Wai can Amurka, tun kafin Turawa su shigo ƙasar nan, wasunsu kan shafe fuska da baƙi su hau dandamali suna kwaikwayon baƙar fata, magana da tafiya da rawa, 'yan'uwansu na ƙyalƙyala dariya. Har hoto suke ɗauka.

Majalisa ta tuntsure da dariya, ni ma na taya su. Amma da na ƙara duban wannan washe bakin sai ya daina ba ni dariya. Ashe da mu yake, ni kuwa na ɗauko shi a Keke Napep a rungume kamar jinjiri.

Kafin magariba na zama Jikan Bature, har masu shayi sun ɗauka. Hoton na zare na ba uwargida ta hura wuta. Washegari na sa babbar riga na je aka ɗauke ni nawa, don kada jikokina su sha irin wannan kunya. Alhaji ya raka ni, wai don ya shaida wuyana.