Taunar Tuwo

Mijina ya dawo daga ƙasar Larabawa da ɗaurarren ciki, kuma duk Dungas ba wanda ya sani sai ni. Fataucin wake da gujiya yake yi. Kafin tafiyar nan jiki ya yi masa yawa, har 'yan kabu-kabu in sun hango shi sai su kau da kai. Ga ciwon sukari, ga tansiyo, wato hawan jini, salla ma a zaune yake yin ta. A can ne aka yi masa aiki, aka sa wani zoben roba ya shaƙe bakin tumbinsa don abinci kaɗan ya riƙa isarsa. Mutanen gari kuwa ce musu ya yi maganin gwiwa ya je nema.

Ranar da ya nuna mini tabon, ya sa na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa ba. "A ce mutum da hankalinsa ya je an ɗaure masa ciki kamar buhu? Ina zan sa kaina a garin nan?" Na rantse. Ni kuwa ko gishiri na ce zan aika wa maƙwabciya, ba na samun sukuni sai na ga ya isa.

Ya ba ni wata takarda da Faransanci. Karatuna na lakwal bai wuce aji shida ba, amma na bi ta da yatsa har na gane: ya ci kaɗan, ya ci a hankali, ya tauna kowace loma har ta zama ruwa. Wannan na ƙarshen sai da na karanta sau uku. Wa ke tauna tuwo? Tun muna ƙanana, wanda aka ga bakinsa na motsi da tuwo dariya ake yi masa. A mulmula, a dangwala, a haɗiye, shi ke nan.

A cikin gida yana bin takardar. Damuwata tana ƙofar gida. Bayan magariba mazan layinmu suna ciyayya a tabarmarsa, kowane gida ya fito da kwanonsa, su zagaye su ci tare. Tun zamanin mahaifinsa ake yi. A nan ne yake komawa mutumin da, ya yanko loma kamar ƙwan zabuwa ya aika da ita ba tauna. Ni ina bayan zana, da ludayi a hannu kamar mai aiki, ina lissafa lomominsa da kunne. In ya kai biyar sai shaƙuwa ta fara. Sai ya ce zai kama ruwa, ya zagaya bayan rumbu, in ji shi yana kakari.

"Alhaji, ka tauna mana," na ce masa.

"A gaban taubashina? Wanda ko tari na yi sai ya kai labarin kasuwar Sassumbrum?"

Taubashin nan ɗan kawunsa ne, dillalin awaki, siriri kamar kara, bakinsa bai bar kowa ba.

Sai na shiga dabara. Na riƙa tuƙa tuwon da laushi, na koma miyar kuɓewa da karkashi kullum, wai yauƙi zai taimaka lomar ta wuce. Har yau ina nadamar wannan dabara, domin yauƙin nan ne ya sa ya ƙara girman loma. Tana sulalewa ta maƙogwaro ba wahala, ta je ta tsaya a bakin zoben, wata ta hau kanta.

Ya rame, mutane suka yi ta yaba maganin gwiwa. Amma da safe sai in tarar da matashinsa a jiƙe da wani ruwa mai tsami. Tari ya zauna masa. Wata rana yana sallar la'asar, ya sunkuya ruku'u, sai tuwon jiya ya dawo kan darduma yadda ya haɗiye shi, ko narkewa bai yi ba. Na wanke dardumar sau uku, na shanya, na sake wankewa. Ban san ko sallar ta yi ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya ba tare da na taɓa rantsuwata ba.

Da ƙyar ya yarda muka je asibitin Damagaram. Aka ba shi wani farin ruwa mai kauri ya sha, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Lokotoron, wato likitan, ya ɗaga hoton ya nuna mana. Hanyar abincin, wadda ya ce bai kamata ta fi yatsa biyu ba, ta buɗe ta saki kamar safar da aka cusa wa duwatsu. Ya laluba wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin fatar cikin mijina, ya soka allura ya zuƙe ruwan da ke matse zoben, ya ce ya sassauta shi. Sa'an nan ya ce in aka ci gaba a haka, hanyar za ta gaji ta daina tura abinci, kuma ko an cire zoben ba lalle ta koma daidai ba.

"Yana tauna abinci sosai?" Ni ya kalla da ya yi tambayar. Na kalli ƙasa.

Mako biyu mijina ya yi a kan kunu da fura mai ruwa, muka ce zazzaɓi ne. A na ukun ya ce a fitar da tabarma. Ranar na ji shaƙuwar tun a loma ta huɗu.

Kwana uku ina kai da kawowa tsakanin madafa da rijiya, in ɗauki abu in manta me zan yi da shi. In na faɗa, na karya rantsuwa da sunan Allah, na kuma tona asirin mijina. In na yi shiru, da hannuna nake tuƙa abin da ke lalata shi. Na zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya.

Ran na huɗu da hantsi, mijina ya tafi sito, sai na ji muryar taubashin a waje yana jan akuya. Na yafa gyale na tsaya a bakin zaure.

"Matarmu, lafiya? Ko kin gaji da tulun nan ne za ki dawo gidana?"

Na faɗa masa duka. Ya daɗe yana kallon akuyar. Sa'an nan ya ce, "Zobe? A ciki? Mutane na sa wa yatsa."

"Don Allah kar ka yi masa dariya."

"Ni? Ai in ban yi ba zai san akwai magana. Koma ciki."

Bayan magariba na maƙale a zana. Aka buɗe kwanoni, aka yi bisimilla. Sai na ji taubashin ya ɗaga murya: "Jama'a, ku dakata. Mutumin nan an ɗaure masa bakin buhu a ƙasar Larabawa, ya ɓoye mana. Daga yau tauna tuwo zai riƙa yi kamar raƙumi, kuma ni zan riƙa ƙirga masa, kowace loma tauna ashirin."

Wani ya tuntsure da dariya, sauran suka kama. Tsohon Bafillacen da ke ƙarshen layi ya ce, "To, Alhaji, saniya ma tana tuƙa, kuma ta fi mu lafiya. Tauna abinka."

"Ɗaya," in ji taubashin. "Biyu. A'a, ban ce ka haɗiye ba, tulu. Uku."

Mijina bai zagaya bayan rumbu ba ranar. Da ya shigo bai dube ni ba, kuma ya yi kwana tara ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Na ciyar da mutum goma kaffara. Sai na shiga shakkar ko ɗaya daga cikinsu ya ƙoshi, na ƙara da azumi uku.

Da muka koma Damagaram bayan kaka, lokotoro ya ce hanyar ta ɗan tsuke, amma ba duka ba, sai mu dawo a sake dubawa. Sunan Raƙumi ya bi mijina har kasuwa, yanzu yana amsawa. Ni na daina miyar yauƙi. Har yanzu bayan magariba ina bayan zana da ludayina, domin taubashin nan in hira ta yi daɗi yakan tsallake daga takwas zuwa ashirin.