Kifin Gada da Kwaɗon Rijiya

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wani masunci ya kama karfasa a ƙarƙashin gadar Wudil, aka ce akwai sunan Allah a jikinta. Ina da shekara tara. Gwaggona ta riƙe hannuna muka kutsa cikin taro, mata na kabbara, wasu na kuka. Ana faɗa wa juna cewa mai tsarkin zuciya ne kaɗai ke gani. Na san alif da lam daga makarantar allo, na duba, na sake dubawa. Kifi na gani, da ƙudaje.

"Kin gani ko?" in ji gwaggo.

Na ce na gani.

Ƙaryar nan ta hana ni cin abinci. Na ɗauka zuciyata ce baƙa, kuma wuta zan shiga.

A lokacin kakarmu Iya ta zo daga Utai tana jinyar ƙafa a gidanmu. Bayan magariba takan zauna gefen murhu tana gasa ƙafar, mu jikoki mu kewaye ta. Ni sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa take ce mini uwata. Ranar ta lura tuwona na nan yadda aka zuba, ta ja ni gefenta, na faɗa mata a kunne. Ta yi tsaki mai tsawo.

"Kifin da mai neman ƙuri'a ya saya yana yawo da shi a mota da lasifika? Wai alama ce jam'iyyarsu za ta ci? Har ya fara wari, uwata. Ku matso, ga wata nan ta zo muku."

Ta ce a wani gari rijiya ta fara magana. In an kasa kunne sai a ji kamar tana salati. Gari ya tashi kaf ya tare a bakinta. Masu gona suka bar gona. Wanda bai taɓa sa goshi a ƙasa ba ya sayi carbi mai dubu. Da ladan ya kira azahar, suka aika masa cewa ya rage murya, yana hana su jin rijiya. Nan Iya takan tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta taɓe baki.

Rani ya yi, ruwa ya ja baya, aka zura mai yashe rijiya. Ya fito da fasasshen tulu, cikinsa wani ƙaton kwaɗo. Washegari da asuba, ladan ya kira salla, mutum uku suka zo, su ne dama masu zuwa tun kafin rijiya ta buɗe baki. Sauran suka ce an cuce su, suka yi fushi da Allah.

"Ƙurunƙus kan kwaɗo," in ji Iya.

Yayata ta ce, "To Iya, babu mu'ujiza ke nan?"

"Ke, kama bakinki. Annabawa sun zo da ita, gaskiya ce. Karama kuma Allah na bai wa wanda ya so, amma ban taɓa jin wanda aka bai wa ya hau mota yana shela ba." Ta juyo gare ni. "Kin yi magariba?"

Na ce na yi.

"Ba ki ga komai ba kika yi? To ci tuwonki."

Na ci, amma tsoron bai bar ni duka ba. Na girma da shi, na yi aure da shi, har na shiga ajin yaƙi da jahilci ina goye da ɗana na huɗu. Shi ne wanda ƙyanda ta kama. Kwana shida ina roƙon Allah ya nuna mini ikonsa a kan yaron nan. Ran na bakwai aka kai shi makwanci.

Masu zuwa gaisuwa ba su rasa abin faɗa ba. Wata ta ce da na kai shi wajen malamin da ke tayar da gurgu. Wata ta ce akwai ruwan da ake samowa daga wani wuri. Na amsa gaisuwarsu. Amma a raina na san su, mutanen bakin rijiya ne, kuma har yau ba su da girma a idona.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Ban ga wata aya ba, ɗana bai tashi ba, na miƙe na ɗauki buta. Ina wanke fuska na lura tsoron da na ɗauko daga gada ba ya tare da ni.