Mama Saloma da Baitin Tsakiya

Kafin hazon damina ya ɗaga daga kan duwatsun Zuru, Mama Saloma ta riga ta fito. Takan ɗaura zane, ta yafa tsohon gyalenta, ta bi ta tsakanin gonakin dawa raɓa na jiƙa mata ƙafa, har ta isa 'yar majami'armu da ke gindin tudu. Ba wanda ya ɗora mata sharar wurin. Ita ce ta ce datti na kama maƙogwaro, maƙogwaron jama'a kuwa aikinta ne. A da, duk wanda ya bi hanyar rafi da sassafe yakan ji muryarta na fitowa ta tagogi, siririya, tana bin hazo a hankali, har mutum ya rasa ko daga cocin take zuwa ko daga barcin da bai gama sakinsa ba. Shekaru ke nan da waccan muryar ta ɗauke. Yanzu sai ƙarar tsintsiya ake ji.

Ranar Lahadin nan mai zuwa za ta sauka daga aikin ba da waƙa, aikin da ta kama tun ɗanta Kefas yana goye a bayanta har furfura ta cika mata kai. Shi ya sa na ce bari a faɗi wani abu a kanta tun tana iya ji da kunnenta. Mu mutanen nan mun iya yabon mutum, amma sai an rufe shi da ƙasa.

Wanda bai taɓa yin sujada da mu ba, ga yadda aikin yake. Da yawa cikin tsofaffinmu ba su karatu, wasu ma Hausarsu ta kasuwa ce, yarenmu na C'lela suke yi a gida. To Mama Saloma takan tsaya a gaba, ɓangaren mata, ta faɗi layin waƙa da baki, jama'a su ɗauka su raira, kafin su sauke numfashi ta miƙo musu na gaba. In kalma ta yi wa tsofaffi nauyi, ta juya ta da C'lela a gurguje, waƙa ba ta tsaya ba. Da aka kawo kibod na kiɗa da janareta, matasa suka yi ta murna, ita ma ta taya su. Abu ɗaya ta roƙa, kada a ɗaga murya sama inda tsoho ba zai kai ba.

Amma ba don wannan aka san ta ba. An san ta ne da rigimar baitin tsakiya.

Muna da wata ɗabi'a, mu masu zuwa coci, kowa ya san ta. In wa'azi ya yi tsawo, rana ta take, mata sun fara tunanin tukunya, maza sun fara hamma a cikin hula, sai mai jagora ya ce, "Za mu raira baiti na farko da na ƙarshe." Kowa ya ji daɗi, a yi a tashi. Ko'ina haka ake yi, daga nan har Sakaba. A majami'armu ce kawai abin bai taɓa zama lafiya ba, domin da an gama na farko, mai kibod na shirin tsallakewa, sai ka ji Mama Saloma ta faɗi layin baiti na biyu, a natse, kamar ba ta ji sanarwa ba. Jama'a kuwa sun saba bin bakinta, sai su bi.

Lokacin da aka kawo mana Pasto Ladan, mutum mai haƙuri da son kiyaye lokaci, ya kira ta gefe bayan sujada.

"Mama, ai na ce farko da ƙarshe. Ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Baba Pasto," in ji ta. "Amma in za ka Dirin Daji, daga ƙofar gidanka kake faɗawa cikin kasuwarsu? Hanyar fa, wa zai taka maka?"

Pasto ya yi dariya, ya ce ta yi masa bayani. Ta ce ita ba ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba, amma ta daɗe da waƙoƙin nan a baki. Baitin farko kiran Allah ne da sunayensa. Na ƙarshe gida ne, can inda ba kuka. Na tsakiya kuwa nan ne yunwa take, da ciwo, da shakka, da kabari. "Wanda ya shigo nan da kuka a ciki, in ka ba shi farko da ƙarshe kaɗai, ka gaya masa Allah bai san inda yake tsaye ba. Shi kuwa a tsakiya yake tsaye." Pasto Ladan ya ce ya yarda, kuma da gaske ya yarda, ko da yake ranar da rana ta yi zafi yakan dubi agogo ya dube ta, ita kuma ta dubi rufin kwano.

Ke ce, Mama, kika sa tuwon gidaje da yawa ya yi latti. Ke ce kika sa yaranmu suka haddace baitocin da a wasu wurare ko manya ba su san da su ba. Mun yi miki tsegumi a hanyar gida, ba ƙarya, mun ce tsohuwar nan ta cika naci.

Alice, wata mata a majami'armu, ita ce ta fara gane amfanin nacin, kuma ita da bakinta take ba da labarin. Mijinta soja ne, kamar mazan gidaje da yawa a garin nan. Ya tafi aiki bai dawo ba, ya bar ta da ƙananan yara. Bayan an share makoki sai ta daina zuwa sujada. Ta ce ba ta iya tsayawa cikin mutane ana tafi ana waƙar murna, ji take kamar da ita ake. Masu ziyara suka yi ta zuwa da ayoyi, tana gode musu, suna tafiya. Mama Saloma kuwa da la'asar take zuwa, ta jawo kujera 'yar tsugunne, ta sa hannu cikin gyaɗar da Alice ke ɓarewa. Ba wa'azi, ba tambaya. Can sai ta fara raira waƙa ƙasa-ƙasa, kuma baitin tsakiya kaɗai take yi, ba farko ba ƙarshe. Akwai wanda ta fi maimaitawa:

Na yi kira, ban ji amsa ba,
Na dubi hanya, ba kowa tafe,
Hannuna ya gaji da ɗagawa,
Riƙe shi, ya Ubangiji, riƙe.

Alice ta ce ranar farko haushi ta ji. Daga baya ta tambaya, "Mama, wannan a cikin littafinmu na waƙoƙi yake?" Mama ta ce yana ciki, tun kafin a haife ta. Alice ta ce ita duk zamanta ba ta san an yarda mutum ya gaya wa Allah haka a cikin coci ba. Aka yi ta ɓarar gyaɗa har kaka ta wuce, inuwar mangwaro na tafiya a tsakar gida, kaji na tsince abin da ya faɗi. Wata Lahadi sai ga Alice a bencin baya, ba ta raira komai ba sai baitin nan.

To, shi ma Kefas soja ya shiga. Yaro ne mai dariya, muryarsa irin ta uwarsa sai dai kauri. In ya zo hutu yakan tsaya a bayan maza ya riƙa yi mata amshi da ƙarfi don ya ba ta kunya. A shekarar 2006 aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa mai nisa. Dawa ta fara fitar da kai sa'ad da mutum biyu cikin kaki suka yi sallama a ƙofar gidanta. A can aka binne shi. Ko takalminsa ba ta gani ba.

Kwanakin makoki ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune a tabarma, idonta a kan tudu, kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Alice ce kaɗai ta ji abin da ke cinta. Mama ta ce mata, "'Yata, tsoro nake ji. Shekara da shekaru ina ba mutane maganar nan. In ta zama a bakina kawai take fa? In na buɗe baki na tarar ba komai a ciki?" Abin da ke gabanta ke nan, ko abin da ta ciyar da wasu da shi zai iya riƙe ita kanta.

Aka sa ranar sujadar tunawa da shi. Dattawan ikkilisiya suka zauna da Pasto Ladan, suka zaɓi waƙar nan da Kefas yake so, wadda baitin da na rubuta a sama yake tsakiyarta. Sai tausayi ya kama su. Suka ce yaya za a sa uwa ta ji "na dubi hanya, ba kowa tafe" alhali ɗanta ne ba zai taho ba? Suka yanke shawara a tsallake. Don ƙauna suka yi, Allah ya sani, kuma da ni ma ina wurin da na goyi bayansu.

Majami'a ta cika har waje, tsofaffin sojoji sun jeru da lambobinsu a ƙirji. An yi yayyafi da safe, hasken da ke shigowa ta tagogi fari ne mai laushi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Pasto ya tashi, ya ce, "Za mu raira baiti na farko da na ƙarshe." Aka raira na farko. Mai kibod ya juya zai shiga na ƙarshe.

Sai Mama Saloma ta dafa kafaɗar Alice ta miƙe.

Kibod ya yi shiru. Ta buɗe baki za ta raira, ba abin da ya fito sai iska. Ta sake gwadawa, haka. Muka sunkuyar da kai, wasu mata suka fara sheshsheƙa. Pasto ya taka zai zo wurinta, ta ɗaga masa hannu. Sannan ta faɗi layin da baki, yadda ta saba, da wata murya busasshiya da ba mu san ta da ita ba.

"Na yi kira, ban ji amsa ba."

Ba wanda ya motsa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce a hankali, "Ku ɗauka mana. Ni ba zan iya ba yau."

Alice ta ɗauka, tsofaffin sojoji suka bi, sannan ɗakin gaba ɗaya. Ba kiɗa, ba tafi. Tana faɗa muna rairawa, tana faɗa muna rairawa, waƙar na tafiya a hankali kamar ruwa a kwari, har waɗanda ke tsaye a waje cikin laka suka shiga. Da ta kai "Hannuna ya gaji da ɗagawa", hawayen da ta riƙe tun ranar da masu kaki suka zo suka zubo, ba ta share ba. Ta faɗi layin ƙarshe na baitin, muka raira mata shi, ta zauna. Bayan an tashi Pasto Ladan ya durƙusa a gabanta ya ce ta yafe musu. Ta ce, "Ba laifi, Baba Pasto. Kun so ku raga mini ne. Amma nan nake zaune yanzu, in kun tsallake shi kun tsallake ni."

Muryar waƙa ba ta dawo mata ba har yau. An gwada zuma da citta, an je asibiti, an ce ba a ga komai ba. Duk da haka ba ta fasa Lahadi ko ɗaya ba, tana tsayawa ta faɗi layi mu raira. Yanzu ƙafa ta gaji, numfashi ya ragu, ta ce Alice ta karɓa.

Mama Saloma, uwar masu makoki, mun gode. Ke ce kika koya mana cewa waƙar sujada ba ta masu daɗin murya ba ce, ta duk wanda ya shigo ce, har da wanda ya zo yana fushi da Allah. Kin zauna da matanmu a ranakun da mu muka rasa abin faɗa muka gudu. Allah ya saka miki, ya ba ki hutawa tun a nan.

Ku kuma masu ba da waƙa a Kanya da sauran garuruwan ƙasar Zuru, da ku masu jagorar sujada, in rana ta yi zafi kuka ji bakinku zai ce farko da ƙarshe, ku ɗaga ido ku dubi bencin baya tukuna. Akwai wanda ya yi tafiya mai nisa don layi huɗun nan. In kuma kun san gidan da aka daina fitowa, ku je ku zauna, ko ba ku da abin faɗa.

Shekaranjiya Alice ta raka ta gida bayan koyon waƙa. A hanya ta yi ƙarfin hali ta tambaye ta, "Mama, baitin ƙarshe fa, wanda ya ce za mu sadu a can? Kin gaskata shi yanzu?"

Mama Saloma ta tsaya ta huta a kan sandarta.

"Ban kai can ba tukuna, 'yata," in ji ta. "Ina tsakiya. Amma in kuna raira shi ina jin muryar Kefas a bayan maza. Ku dai kada ku yi sauri."