Rijiyar da Iya Lauratu Ta Rufe

Duk wanda ya taɓa sauka daga bas a ƙauyenmu, a kan hanyar Dutse zuwa Kafin Hausa, ya ga Iya Lauratu ko bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar tsohuwar nan da ke zama a kan faffaɗan siminti a bakin hanya, da randa a gefenta. Baƙi suna zaton dakali aka gina mata. Bakin rijiya ne, kuma ita ta sa aka rufe shi. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun yanzu in faɗa muku, a wannan magana ina bayanta har gobe.

'Yar makiyaya ce daga wajen Garki, aure ya kawo ta nan. Mijinta Malam Hussaini mutum ne shiru-shiru, ko akuya ce ta ci masa gero shi zai ba ta haƙuri. Ita kuwa bakinta ya ishe su su biyu har da ragi. A bayan garinmu akwai wani kamfani da ake haɗa maganin feshin gona da na kaskar shanu, a nan Malam Hussaini yake aikin wankin duro. Ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba masu kamfanin suka tattara suka tafi. Durorin da suka rage da magani a ciki, katafila suka sa ta haƙa rami a bayan katanga, ta tura su, ta rufe. Babu wanda ya ce uffan, lokacin murnar sabuwar jiha muke yi.

Ɗan abin sallamar da aka ba Malam Hussaini bai sayi sa da shi ba, bai gyara ɗaki ba. Rijiya ya haƙa a ƙofar gidansa, ya ɗaure ta da siminti, ya ce sadaka ce mai gudana, kowa ya sha, ladan ya riƙa iske shi a kabari. Kafin wannan, matan unguwarmu har fadama muke zuwa ɗibar ruwa. Bai jima ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu. Daga nan ya zama al'ada, duk wadda ta jefa guga sai ta ce, "Allah ya kai haske kabarin Malam." Iya Lauratu tana jiyowa daga tsakar gida, na sha leƙawa in gan ta tana murmushi ita kaɗai.

Shekaru suka ɗan ja, ruwan ya soma wari. Ita ta fara ganewa, don ita ta yi ta wanke kayan aikin mijinta, ta san warin nan kamar yadda ta san warin daddawa. In ruwan ya kwana a randa sai ka ga maiƙo-maiƙo a samansa. Awaki suka shiga ɓari, yara suka shiga ƙuraje da amai. Jikarta Hindatu sai da aka kwantar da ita a asibiti a Dutse. Duba-gari suka zo, suka ɗebi ruwan a kwalba, suka dawo suka ce maganin da aka binne ne ya tsiyaya cikin ƙasa har ya kai ga ruwa. Suka shafa jan fenti a bakin rijiyar, suka ce kada a sha, suka hau motarsu.

Jan fenti bai hana kowa jefa guga ba. Wasu suka ce a tace da mayafi, wasu suka ce a bar shi ya kwanta. Maza suka taru suka yashe rijiyar tas, ruwa ya sake tsattsafowa da warinsa. Mafi yawa dai cewa suke yi, ruwan sadaka ba ya cutarwa, balle na mutumin kirki irin Malam Hussaini.

Wata safiya Iya Lauratu ta ciro ƙyauren ɗakinta, ta ɗora a bakin rijiyar, ta haye ta zauna, ta ajiye muciya a kan cinyarta. Mata suka iso da tuluna da bokitai.

"Iya, ina kwana? Ɗan matsa mu ɗiba, rana tana yi," in ji wata daga cikinsu.

"Lafiya lau. Babu ruwa."

"Haba Iya, ga shi muna jin sanyinsa?"

"Na ce babu! Hanyar fadama ba ta ɓace ba, ƙafafunku ma ba su karye ba."

Kafin azahar maganar ta kai kunnen Sharhabilu, ƙanin marigayin, dillalin shanu. Da can abokin wasanta ne, ba ya wucewa bai tsokane ta ba. Ranar ba wasa a fuskarsa.

"Yaya, kin san abin da kike yi kuwa?" ya ce. "Mutum yana kwance, ba shi da gona, ba shi da sa, gugan nan kaɗai ke kai masa lada. Ke matarsa ke za ki yanke masa?"

"Shi ya ce maka a shayar da yara guba da sunansa?"

"Rijiya ba taki ba ce, ta Allah ce da jama'a."

"To jama'a su zo su ɗaga ni."

A gabansa ba ta nuna komai ba, amma maganar ta soke ta. Da yamma na shiga na iske ta tana kuka. Ta ce mini, "Idan gaskiyarsa ce fa? Idan mai rijiyar yana can yana jira, ni na tsare masa?" Tsoro take ji sosai, ni ma na ji tsoron tare da ita. Washegari kuma na gan ta a kan ƙyaurenta, da muciyarta.

Aka je da ita wurin Modibbo, limamin garinmu. Ya ce cutar da mutane ba ta halatta ba, amma abin da aka bayar don Allah mutum ɗaya ba ya rufe shi, a jira hukuma. Ta durƙusa da ladabi ta ce, "Allah gafarta Malam, hukuma ba a rijiyar nan take sha ba." Ta koma ta zauna.

Kada ku ce abu ne mai sauƙi. Mata suka daina sayen furarta, aka daina aiko mata da goron suna. Wadda ta dawo daga fadama da wuya a sanƙare sai ta yi tsaki a daidai inda take. In za ta yi salla, a kan ƙyauren take shimfiɗa tabarma, don ta san wasu dama suke jira. Ni da na riƙa kai mata tuwo can, har ni aka haɗa a cikin gabar.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiha, Sharhabilu ya ga ya samu ƙofa. Ya kai ta ƙara, wai ta tsare wakafin ɗan'uwansa. Ranar zama ta je da gora da ƙoƙo. Alƙali ya tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta tsiyaya ruwan rijiyar a ƙoƙon, warin ya cika ɗakin.

"Allah ya gafarta Malam, ni ban yi karatu ba," ta ce. "Ga ruwan rijiyar yayan Sharhabilu. Ya sha a gabanka, ya kai wa 'ya'yansa saura. In ya yi haka, yau na tashi."

Gidan Sharhabilu yana can gabas da gari, rijiyarsa daban. Ya karɓi ƙoƙon, ya kai kusa da hanci, ya daɗe yana kallonsa, ya ajiye a ƙasa. Alƙali ya ce rijiya ta zauna a rufe har hukuma ta gyara.

Da wata ce, da ta tsaya nan. Ita kuwa bas ta riƙa hawa zuwa Dutse da gorarta, ofis-ofis, ta ajiye wa ma'aikata a kan tebur ta ce su sansana. An kore ta, an ce Oga ya yi tafiya, an ce ta dawo bayan salla. Bayan salla ta dawo. Ko don tausayi ko don a huta da ita, ranar nan sai ga katafila da tifofi, da mutane sanye da safar hannu da abin rufe hanci. Aka tono durorin sun ci tsatsa, duk huji. Aka kwashe ƙasar wurin, wadda ta yi baƙi-ƙirin, aka lulluɓe da leda aka tafi da ita, aka zubo sabuwa. Aka sa inji yana zuƙe ruwan rijiyar zuwa tanki, aka kuma haƙa mana burtsatse can nesa da tsohon kamfanin.

Shugaban aikin wani injiniya ne, Misbahu. Da za su tafi ta tare shi.

"Ɗana, yaushe rijiyar za ta warke?"

"Iya, ƙasa dai mun kwashe," ya ce. "Amma ruwan da ke can ƙarƙashi, gaskiya ban ce ni ko ke za mu ga ranar ba."

Duk zaman nan da ta yi, ashe jira take wata rana ta ɗage ƙyauren da hannunta, ta ji mata sun koma yi wa mijinta addu'a. Ta share ido da bakin zane ta ce, "To ku zuba siminti, mai kauri, wanda jikokin masu taurin kai ma ba za su fasa ba."

Kashegari ta sa aka kafa randa a kan simintin. Kullum da safe ita ke ɗauko ruwa daga burtsatse a ka, ta cika ta, ba ta yarda wani ya taya ta. Duk wanda ya sha zai wuce sai ta ce, "Kai, ba ka biya ba." In baƙo ne ya fara laluben aljihu, ta ce ya bar aljihunsa, ya ce Allah ya kai haske kabarin mai rijiyar nan.

Sharhabilu ya yi shekaru yana canja hanya. Wata ranar kasuwa, ana tsananin zafi, ya zo ya tsaya, gemu duk furfura. Ya ɗauki moɗa ya sha, ya yi addu'ar ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunya.

Iya Lauratu ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗaga murya, Sharhabilu. Kai ka ce na yanke wa yayanka lada, to bari ya ji daga bakinka."