Kwabon da Shugaba Ya Wanke

Shekara talatin da huɗu Mai Agogo ya yi a shago ɗaya, a layin masu gyara, tsakanin mai walda da mai ɗinkin takalmi. Teburinsa ƙarami ne mai gilashi a sama, ga fitila, ga hantsaki, ga tabarau mai ido ɗaya da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo. Rabin shagon na yayansa ne, wanda ake kira Mai Sikeli. Tun da Allah ya yi masa rasuwa ba wanda ya sake zama a kujerarsa. Ko mage ce ta hau, sai Mai Agogo ya kore ta.

Mai Sikeli na cikin mutum bakwai da suka kafa ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗin ƙarfe a garin. Suna da ƙa'ida guda da ba sa wasa da ita: kowane kwabo da ɗan ambulan ɗinsa, a rubuta a jiki inda aka samo shi, da ranar, da duk abin da aka yi masa. In kwabo ya sauya hannu, da ambulan yake tafiya, sabon mai shi ya ƙara layinsa a ƙasa.

Suna kuma da wata magana da ake fara koya wa sabon shiga: kwabo ba kwano ba ne, ba a wanke shi. Dalilin shi ne, duhun da shekaru suka ɗora wa ƙarfe shi ne darajarsa, in aka goge an kashe shi. Mai Agogo ya san ranar da aka fara faɗin maganar, don yana zaune a wurin. Wani mai kemis ne, sabon shiga a lokacin, ya kawo kwabon da ba a cika gani ba, irin mai huda a tsakiya amma shi an manta ba a huda shi ba, ya ce a goge masa. Mai Sikeli ya ƙi, ya faɗa masa wannan magana. Bayan mako guda mai kemis ya dawo da kwabon yana walƙiya, ya sha toka da lemun tsami, har ya karanta musu abin da ya rubuta a ambulan yana dariya.

Wannan mai kemis shi ya zama Shugaban ƙungiya. Shekara uku bayan rasuwar Mai Sikeli ya buga ɗan littafi don sababbin shiga, ga maganar a bango, ga sunan shi Shugaban a ƙarƙashi.

Mai Agogo ya rufe shago ya same shi a gida. Ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya ce ya ga an yi kuskure a bangon littafi. Shugaba ya saurare shi yana juya shayi.

"Malam, magana ai ba ta da rasit," in ji shi. "Marigayi mutumin kirki ne, amma da ƙyar yake rubuta sunansa. Kana da takarda?"

Mai Agogo ya ce ba shi da ita. Ya yi godiya ya fito, shayin da aka zuba masa ko taɓawa bai yi ba. A bakin ƙofa ya tuna cewa takarda akwai, kuma ba Yaya ne ya rubuta ta ba.

Shi bai taɓa damuwa da kwabo ba. Yakan ce ƙarfen da ba ya motsi ba sana'arsa ba ne. Amma a watan ya cika takardar shiga ƙungiya, ya riƙa zama a kujerar baya. Kunne kawai ya kasa. Da haka ya gano cewa tun da Shugaba ya fahimci ɓarnar da ya yi, ya yi musayar kwabon a ɓoye da wani malamin makaranta a wani gari. Malamin ya rasu, 'ya'yansa sun rabar da kayan. Mai Agogo ya bi gida huɗu, ya gyara agogon bango uku kyauta don a buɗe masa akwati. Shekara biyu ya yi yana wannan bi, kafin ya tarar da kwabon a gwangwanin wani tsohon direba, da ambulansa, ya yi ja amma rubutun na nan.

Direban ba wawa ba ne. Da ya ga yadda baƙonsa ya ƙura wa kwabon ido, sai ya ce ba zai rabu da shi ba sai da kwabo shida masu lafiya. Shidan nan sai dai a cikin na marigayi, waɗanda ke hannun matarsa.

Matar Yaya ta ji bayani tana tsince shinkafa. Ta ce ita tun tana amarya ta san ƙanen mijinta ba shi da wayo, amma ba ta zaci zai ba da lafiyayyu shida ya karɓo gurgu ɗaya ba. Sai ya maimaita mata abin da Shugaba ya ce game da rubutun marigayi. Ta ajiye tire, ta shiga ɗaki ta fito da akwatin.

"In dai Shugaba zai ji kunya, ɗauki bakwai."

Bai gaggauta ba. Ya jira bikin cikar ƙungiya shekara talatin, wanda aka yi da hantsi a babban zaure. An rataya ƙyalle daga bango zuwa bango, ga maganar da manyan haruffa, ga sunan Shugaba. Kowane ɗan ƙungiya ya shimfiɗa tirensa. Na Mai Agogo kwabo ɗaya ne tak a kan baƙin yadi, ambulan a kife a gefensa.

Babbar baƙuwa wata malamar tarihi ce, Shugaba na zagayawa da ita, jama'a na biye. A gaban tiren ta tsaya, ta sunkuya, ta tambaya wane ne ya yi wa kwabo mai wuyar samu irin wannan aika-aika. Shugaba bai ko duba da kyau ba, idonsa na kan masu ɗaukar hoto. Ya ce aikin jahilai ne, da a hannunsa ne da ya kori mai shi daga ƙungiya, kuma shi ya sa kullum yake cewa… sai ya nuna ƙyallen da hannu.

Mai Agogo ya juya ambulan, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Malama, a taimaka a karanta layin farko. Idona ba ya ganin ƙananan abubuwa."

Wasu da suka san sana'arsa suka fara murmushi. Malamar ta karanta ranar, sannan ta karanta rubutun da ƙarfi yadda malamai ke yi: Mai Sikeli ya ce kwabo ba kwano ba ne, ba a wanke shi, to ni na wanke, ga shi yana walƙiya. Ta karanta sa hannun. Sai da ta gama ta ɗaga kai ta ga suna ɗaya ne da na ƙyalle.

Mai Agogo ya ce a hankali, ga takardar nan, ranka ya daɗe.

Kafin azahar an sauke ƙyallen. Bayan wata biyu Shugaba ya ajiye muƙami, ya ce likita ne ya hana shi hayaniya. Sau biyu ya aiko a tambaya ko za a yi musayar kwabon, sau biyu Mai Agogo ya ce a gaishe shi.

Sai dai labarin ya bazu ta wata fuska. Yanzu sababbin shiga kan ce, kamar yadda Mai Agogo ya faɗa, kwabo ba kwano ba ne. Ranar da ya fara ji, matar Yaya ta ce sai da ya ƙi cin abinci. Don haka ya sa kwabon a ƙarƙashin gilashin teburinsa, ambulan a buɗe a gefe. Duk ɗan ƙungiyar da ya kawo gyara, sai ya karanta layin farko da bakinsa kafin a karɓi agogonsa. Wanda ya yi sauri ya haɗiye sunan, Mai Agogo yakan nuna masa kujerar Yaya da ba kowa a kai, ya ce a sake.